Dusar Ƙarshen Wata

"Na ce maka ba ɗaya ba ne."

"Ɗaya ne. Amari, nokori, duk saura ne. Abin da ba a so."

"In ɗaya ne, me ya sa aka yi musu suna biyu?"

Wardoyo ya murɗe ƙyallen tata, farin ruwa ya zubo masa a kan takalmin roba. Bai ɗago kai ba.

"Kai dai ka cika naci, Geng. Mutanen nan ruwan sama ma suna goma suka ba shi. Kowanne kuma jiƙa ka zai yi."

"Da kunnena na ji, Mas Doyo. Maigida ya ce wa uwargida ɗayanmu zai zama amari. Sannan ya kira sunana, ya ce nokosu."

"To ai ka ji. Me kake so in ƙara maka?"

"Fassara."

"Leƙa wurin wanke-wanke. Abin da aka ci aka ture gefen kwano, wanda ake kankarewa a zuba a shara, shi ne nokori. Nokosu kuma barin sa ke nan. Kai ne malami mai littafi, ba ni ba."

Sugeng ya ci gaba da goge tukunya. Ƙarfe tara da rabi na safe, an gama awara, saura wanki. Bayan shagon lungu ne siriri, kamar duk lungunan tsohon Kyoto. Ruwan rijiya na kwarara daga tanki, sanyinsa na cin yatsu. Buhunan dusa shida na jingine da bango suna hayaƙi.

Maganar a fili take. Gidajen abinci biyu da ke ɗaukar rabin awarar tsoho Ukai sun rufe a shekara ɗaya. Ma'aikata biyu, aikin mutum ɗaya. Takardar zamansu a ƙasar, shi da Wardoyo, ta kusa ƙarewa, ba kuma za a sabunta ba sai maigida ya buga hatiminsa. Ya ce ƙarshen wata zai buga, a takarda ɗaya. Wanda bai samu ba sai jirgi. Saura kwana huɗu.

Shekarar Sugeng talatin da ɗaya, biyu daga ciki a shagon nan. Can ƙauyensu a Java akwai matarsa da 'yarsa, da ɗaki uku da aka tayar da bangonsu ba a rufa ba. Wardoyo ya ba shi shekara goma sha ɗaya, shi ya sa yake ce masa Mas, wato yaya. Shekararsa biyar a gidan Ukai, 'ya'yansa uku, bayansa kuma ya fara ciwo. Shi ya samo wa Sugeng aikin. Shi ya taro shi a filin jirgi, ya cire rigar sanyinsa ya sa masa. Duk wata doguwar magana da ta fito daga bakin masu gida, ta bakin Wardoyo take isa kunnen Sugeng.

Sugeng na da ƙaramin littafi a aljihu, gefensa duk ya jiƙe ya bushe. Kalmomin aiki ya fara rubutawa: yanka, tace, zuba, zafi. A watan nan ya buɗe sabon shafi, bai sa masa suna ba.

Amari: abin da ya wuce buƙata, ba a taɓa shi ba.

Nokori: abin da ya rage bayan an gama.

Yokei: ƙari. Wannan tsohuwa ce. Ranar da ya sa wa wata mata awara huɗu maimakon uku, Wardoyo ya ciro ɗaya ya ce, "Yokei." Sugeng ya rubuta.

Ya sha tambayar wayarsa. Wayar ba ta da kunya, ba ta kuma da amfani. Amari ta ce saura, nokori ma ta ce saura.

Abin da ya fi damunsa garin ne. Tun makonsa na farko Wardoyo ya ja masa kunne: a nan ba a cewa tashi ka tafi. In ka daɗe a gidan mutum, sai matar gida ta yi murmushi ta ce ko a kawo maka 'yar shinkafa da ruwan shayi? Ma'anarta ka nemi takalminka. In an yaba agogonka, surutunka ne ya yi yawa. Tun daga nan Sugeng ya daina jin magana a yadda aka faɗe ta. Sai ya juya ta ya duba ƙasanta.

A kwanakin nan kuwa abin dubawa ya yi yawa. Maigida ya daina yi masa faɗa. Da can ko ludayi ya riƙe a karkace sai ya ji tsawa, yanzu shiru. Ranar Talata ma tsohon ya miƙa masa gwangwanin ruwan ɗauri, wanda ke sa madarar waken suya ta kama, abin da ba ya barin kowa ya taɓa. Ya koma baya ya harɗe hannu. Sugeng ya zuba, ya juya sau uku, ya tsayar da muciya. Awara ta kama lumus. Tsohon ya gutsura ya sa a baki, ya tauna, ya wuce. Sugeng ya wuni yana juya abin. Ko dai laifi ake nema masa a kama, ko kuma an gama da shi, ba a damu da ya ɓata ba.

Uwargida Fumie kuma ta tare shi a bakin matakala ta ce sanyi na shigowa, bargonsa mai kauri ne? Ya ce e. Ta ce na gidan ne ko nasa? Ya ce na gidan. Ta gyaɗa kai.

An fara ƙidaya kaya, ya ce a ransa.

Ranar talatin ga wata, yana shanya ƙyallen tata, ya ji ƙarar takalmin katakon uwargida a bayansa.

"Sugen-han."

Haka take kiransa. Ya juyo. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kanta iyakar kafaɗarsa. Tana riƙe da wani kwano shuɗi da hannu biyu, an rufe shi da farin ƙyalle. Ta yi magana mai tsawo a cikin lallausan harshen nan nasu da ke haɗiye ƙarshen kalma. Guda uku ya tsinta. Ƙarshen wata. Kirazu. Sai ta ƙarshe, da ta faɗa tana sunkuyar da kai: ba wani abu ba ne, amari ne kawai.

Ya karɓa. Ya yi godiya. Ta koma ciki.

Ya ɗaga ƙyallen. Dusa ce. Dusar awara, wadda suke tacewa kullum su cusa a buhu, tsakar rana mai shanu ya zo ya kwashe. An dafa ta da karas da ganyen albasa da 'yan guntayen soyayyar awara. Ƙamshinta ya bugi hancinsa, abin ya ƙara ɓata masa rai. A ƙauyensu ma shanu ake ba. Sai shekarar da gona ta ƙi, uwarsa ta riƙa dunƙula ta tana soya musu, tana rufe ƙofa kada maƙwabta su gani.

Ya hau sama ɗakinsu. Wardoyo na kwance a kan tabarma, ya manna maganin zafi a gadon baya.

"Me ka samo mana?"

Sugeng ya ajiye kwanon a gabansa ya yaye ƙyallen. Wardoyo ya ɗago a kan gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ta ba ka?"

"Ita."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Mene ne kirazu?"

Wardoyo ya koma ya kwanta, idonsa a rufin ɗaki.

"Dusa ce mana. Okara, kirazu, duk ita ce. Sunan gayu ne."

"Me take nufi da ba ni?"

"Ni na dafa?"

"Mas, shekararka biyar a gidan nan."

"Shekarata biyar ina tace wake, ba karanta zuciyar tsofaffi ba. Na dai taɓa ba ka labarin shinkafa da shayi. Ci abinka, Geng, ko ba komai ka tafi da ciki cike."

Sugeng ya zauna ya zuba wa kwanon ido. Shekara biyu. Bai taɓa makara ba, bai taɓa fashi ba, har ranar da zazzaɓi ya sa yake ganin tukunya biyu. In sallamar ce a ce masa an sallame shi. Ba sai an ɗebo abincin shanu an yi masa kwalliya da karas ba.

"Ba zan ci ba."

"To zubar."

"Ba zan zubar ba. Mayar mata zan yi, da ladabi. Ta san na gane." Ya ciro littafi. "Yaya zan ce na gode, ya yi mini yawa, ina da abinci?"

Wardoyo ya juya ya fuskanci bango. Sai da Sugeng ya zaci barci ya ɗauke shi sannan ya yi magana.

"Tana cikin littafinka ai. Yokei. Ka ce yokei desu."

Sugeng ya buga a waya. Wayar ta ce ƙari, abin da ya wuce kima. Ya rufe kwanon ya sauka.

Ya sami uwargida a ƙofar ɗakin girki tana yanka albasa. Ya rusuna yadda aka koya masa, ya miƙa da hannu biyu.

"Okami-san, na gode. Yokei desu."

Wuƙar ta tsaya. Murmushin fuskarta bai ragu ba, bai ƙaru ba, ya dai tsaya cak kamar an zana shi. Ta goge hannu a ɗan zanen gabanta ta karɓi kwanon.

"Haka ne? To, yi haƙuri."

Ta rusuna ƙasa da yadda ta saba. A bayan labule, inda maigida ke karanta jarida, ƙarar takarda ta ɗauke.

Sugeng ya fito ƙirjinsa a buɗe. Ya mayar musu da magana a cikin salonsu. Daɗin ya kai shi kamar awa ɗaya.

Sha biyu da 'yan mintuna a-kori-kurar Iguchi ta shigo lungu da baya, tana tari. Iguchi mai shanu ne daga tsaunukan arewacin garin, jan fuska, babbar murya, haƙoransa na gaba biyu na azurfa. Ba ya magana irin ta 'yan birni. Yakan ce 'yan birni kafin su gama kewaye-kewaye saniya ta haihu. Da baƙi kuwa a hankali yake yi, da hannu da ƙafa, shi ya sa Sugeng ke gane shi fiye da kowa.

"Samari! Yau fuskar ta fi ta jiya muni. Matar ce ta ƙi ɗaukar waya?"

Sugeng ya ɗaga buhu ya jefa a bayan mota. Na biyu. Na uku.

"A hankali, abincin 'yan matana ne." Iguchi ya shaƙi iska wajen tagar ɗakin girki. "Oho. Yau talatin ko? Ta dafa kirazu. Ina jin ƙamshin tun daga bakin titi."

Sugeng ya tsaya da buhu a kafaɗa.

"Iguchi-san. Kirazu, mene ne?"

"Kai, shekara biyu a gidan awara? Kiru ka sani?" Ya sassari iska da gefen hannu.

"Yanka."

"Yauwa. Awara sai an yanka. Karas sai an yanka. Wannan fa?" Ya cusa hannu a buhu ya damƙo dusa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. "Wa ya taɓa sa mata wuƙa? Kirazu. Ba a yankawa. Tsofaffin 'yan kasuwar garin nan ƙarshen wata suke cin ta, su da mutanen gidansu." Ya sarƙe yatsunsa manuniya biyu ya ja, suka ƙi rabuwa. "Don kada abin da ke tsakani ya yanke. Shekara ashirin ina kwasar dusar gidan nan, ko cokali ɗaya matar nan ba ta taɓa ba ni ba. Ni mai mota ne kawai. Na gida ake ba."

Sugeng ya sauke buhun a hankali.

"In an ce amari ne kawai fa?"

Iguchi ya fashe da dariya, azurfa ta yi walƙiya.

"Kowa haka yake cewa! Ko tun jiya take aikin, amari za ta ce. So kake ta ce ga shi na dafa maka musamman, ta ɗora maka nauyi? Wa ke yin haka?"

"Nokosu fa?"

"Yau makaranta muka buɗe? Sai ka biya ni." Ya ɗaga yatsu biyar. "Maruƙa biyar aka haifa mini bana. Huɗu kasuwa." Ya lanƙwashe huɗu, ya bar babban yatsa a tsaye. "Wannan nokosu. Wadda ta fi kyau. Ita ke zama a garke."

"Ba ragowar kwano ba?"

"Har da ita. Duk abin da ka bari ne. Wani ka bar shi don ba ka so, wani ka bar shi don ba ka iya rabuwa da shi. Sai ka duba wa ke magana."

Ruwan tanki na ta zuba, Sugeng bai taɓa jin ƙararsa haka ba.

"Yokei desu," ya ce.

Iguchi ya daina dariya.

"Ni kake gaya wa?"

"A'a. Tambaya nake. In an ba mutum abu, ya ce haka."

"Wa ya faɗa?"

"A talabijin na ji."

"To ɗan iska ne a talabijin ɗin. Mijin 'yata nake gaya wa haka in ya zo yana koya mini tatsa. Wa ya sa ka? Wa ya roƙe ka? Riƙe shisshiginka." Ya tofar da yawu gefe. "A kan kaya ba laifi, ka ce buhu ɗaya ya yi yokei. Amma a kan alherin mutum? Kada ka kuskura ka faɗa wa wanda kake son ganin fuskarsa gobe. Ɗora mini sauran, samari, 'yan mata na jira."

Ya ɗora. Motar ta tafi tana tari.

Ya daɗe a tsaye a lungun. Ya ciro littafi ya duba shafin. Ƙari. Da rubutunsa. Ba ƙarya a ciki, a kan awara huɗu gaskiya ce. Ya yi ƙoƙarin haɗa maganar ban haƙuri, kalmomin suka ƙi jeruwa. Duk mai tsawo sai da Wardoyo. Gajerun kawai yake da su.

Ya zagaya ta gaban shago. Uwargida na tsaye bayan kwamin ruwa tana tsamo awara. Ya rusuna har ya ga ƙafafunsa.

"Okami-san. Ɗazu. Kuskure. Ban san kalmar ba. Yi haƙuri."

"Haba, Sugen-han, me ya faru? Ba komai."

Murmushin nan ne dai. Ya nemi ƙasansa ya rasa.

"Kirazu ɗin. Ina so in ci. Nokori, akwai?"

"Ayya." Ta karkata kai. "Babu nokori. An ba da shi."

Iska ta ɗaga labulen bayanta. A kan ƙaramin teburin maigida akwai gidan hatimi a buɗe, da jan tawada kusa da shi. Tsohon ba ya wurin. Wata mata ta shigo da kwando, uwargida ta juya gare ta da gaisuwa, ta ce masa ta kafaɗa ya je ya huta, yau ya gaji.

Ya koma ta lungu.

Wardoyo ya sauko. Yana zaune a kan kifaffen bokiti a inda buhunan suka tashi, kwanon shuɗi a cinyarsa, yana kalato ƙarshen da tsinken cin abinci. A aljihun rigar aikinsa bakin wata farar ambulan ya leƙo, irin wadda ake sa takardar zama a ciki. Da safe babu ita.

Bai ɗago ba.

"Kirana suka yi," ya ce. "Ta ce kada ya lalace." Ya kai loma. "Da daɗi kuwa. Ko giyar girki ba ta sa ba. Wai saboda kai."

Sugeng ya zuba wa ambulan ɗin ido. Yana lissafi. Shekara biyar, ƙarshen wata sittin. In an taɓa ba Wardoyo kwanon nan, ya san me ake nufi da shi. In kuwa ba a taɓa ba shi ba, to ɗazu a ɗaki ya ga abin da ya jira shekara biyar an miƙa wa wani. Ya tuna yadda ya daɗe yana kallon kwanon. Ya tuna kai kaɗai. Ya tuna juya fuska ga bango. Sai kuma ya tuna cewa Wardoyo ma a bakin tukunya ya koyi harshen, rabi da rabi, yakan kira wuƙa cokali in ya gaji. Ya kuma ce masa ya ci. Ya faɗa, ci abinka.

Rigar sanyin da ke jikinsa ta Wardoyo ce, ta filin jirgi. Hannunta ya yi masa tsawo, har yau naɗewa yake.

Wardoyo ya gama. Ya tashi da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ya kai kwanon ƙarƙashin famfo. Ya wanke ciki, ya wanke baya, ya sake wanke ciki. Kwanon ya fita tas tuni, bai daina ba.

Sugeng ya matso har inuwarsa ta faɗa cikin ruwan.

"Mas Doyo," ya ce a hankali, "lokacin da ka ce in ce mata yokei, ka san abin da take nufi?"